Buhunan da Rulon Ya Aiko

Rexburg, Idaho
19 ga Oktoba, 1999

Ƙanena Rulon,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya Seattle, yaya aiki? Yaya matarka Kendra da yara? Mu nan da sauƙi. Maigidana Orval ya gama haƙar dankali, bayansa na ciwo kamar kowace shekara. Mama tana nan yadda ka bar ta bara, sai dai ƙafafun sun ƙara kumbura, zuciyar kuma ta ƙara rauni. Yanzu ko banɗaki ba ta zuwa sai da robar iskar numfashi a hanci.

Na gama gaisuwa. Yanzu ka gyara zama.

Ranar Talata da hantsi wata ƙatuwar mota ta ja burki a ƙofar gidan Mama. Direban ya leƙo ya ce, "Nan ne gidan Bybee?" Na ce nan ne. Ya ce, "To baiwar Allah, ina zan sauke miki? Bataliyar soja kike ciyarwa ne?" Na ɗauka ɓatan hanya ya yi, sai da ya nuna min sunanka. Kwali bisa kwali har suka toshe ƙofar gareji. Kaza, naman sa, garin ƙwai, masara, koren wake, tuffa, ayaba, duk irin wanda ake daskararwa a tsotse ruwansa har ya koma kamar auduga.

Da a gwangwani ka saya, da na jera su a ɗakin ƙasa na yi maka godiya na wuce. Amma kai mai wayo ka gano na sari ya fi araha, ka sayo manyan buhuna. Ka sani sarai, tunda a gidan nan ka tashi, cewa irin wannan buhun ba ya ajiyuwa. Ledarsa sirara ce, kuma da an buɗe bakinsa sai abin ciki ya fara shan laima. Dole a juye shi a ƙananan ledojin azurfa, a jefa wa kowace ɗan ƙunshin da ke shanye iska, a liƙe bakin da dutsen guga, a rubuta abin da ke ciki, a jera a bokiti, a danne murfi, a sauka da shi ƙasa. Sai ga 'yar takardarka a jikin kwalin farko: "Yaya Marva, ki sake ƙulla su, ba wuya, aikin yamma biyu ne. Tsarabar Mama ce."

Yamma biyu. Yammar wa, Rulon? Tawa da nake yi wa Mama wanka, in juya ta, in shafa mata mai a ƙafa? Na bar aikina na ɗakin girkin makaranta saboda ita, ka sani. Ba ka taɓa tambaya ta yadda nake yi ba.

Na ji bayaninka. Kun ce ranar ɗaya ga Janairu kwamfutocin duniya za su ruɗe don ba su iya ƙirga shekara ta dubu biyu ba, wuta ta ɗauke, shaguna su zama wayam. Aikinka ne, ban yi maka gardama ba. Amma abincin nan an ce yana kai shekara ashirin da biyar bai lalace ba. Mama shekararta tamanin da uku. Kai ka yi lissafin, kai ne mai boko.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne murnarta. Ta sa na turo ta a keken marasa lafiya har bakin ƙofa, ta dubi kwalayen nan ta haɗa hannu ta ce, "Kin gani ko? Autana bai manta da ni ba." Ka san ta da ajiyar abinci tun ambaliyar saba'in da shida, da ruwa ya kwashe mata ɗakin ƙasa kaf muka yi ta bin layin miya. Yanzu ta ce ita da kanta za ta yi aikin. Ni da nake kwana nake tashi da ita ban taɓa ganin wannan fara'ar ba, kai kuwa da waya ɗaya ka same ta.

Zan yi, don ita. Amma bikin godiya na watan gobe, ka zo da ƙafarka.

Ka gaida Kendra, ka shafa min kan yara.

Yayarka,
Marva


Rexburg, Idaho
21 ga Nuwamba, 1999

Rulon,

Ina gaishe ka, ina fata kowa lafiya a gidanka. Mu dai ba lafiya ba, kuma ka riga ka ji rabin labarin a waya. Ga sauran rabin, tunda ka ce kana cikin taro ka ajiye.

Aikinka na yamma biyu ya cinye mana wata guda bai ƙare ba. Mun tsara shi haka: Mama tana zaune a teburin girki da robarta a hanci, tana ɗiba da kofi tana zubawa a leda tana rubuta suna. Ni nake jefa ƙunshin shan iska, da sauri kuwa, don in ya daɗe a waje ya mutu ke nan. Sannan in kwashi ledojin in kai ɗakin wanki in liƙe. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ja min kunne: kada dutsen guga ko wani abu mai zafi ya matso kusa da iskar Mama, gobara ce. Shi ya sa na raba wurin.

Mama ba ta so hakan ba. Kullum sai ta ɗaga leda ta duba liƙin, ta taɓe baki ta ce, "Marva, wannan layin naki kamar tafiyar maye. Ba ni in gwada miki." In ce, "Mama, ba za ki taɓa gugar nan ba." Ta ce, "Ina guga tun ba a haifi ubanki ba." In ce, "Mama, Baba ya girme ki." Sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ranar Alhamis waccan na leƙa kantin magani in karɓo mata ƙwayoyinta. Na bar ta tana gyangyaɗi a kujera, ga buhun kaza da na tuffa a buɗe muna tsakiyar aiki. Da na dawo, ƙauri ne ya tare ni tun daga ƙofa. Robar iskar tana kan tebur, ta naɗe ta tsaf kamar yadda take naɗe komai. Ita kuwa tana kwance a ƙasan ɗakin wanki, leɓunanta sun yi shuɗi, dutsen guga yana kife a kan katako yana hayaƙi. Cire iskar ta yi don ta bi dokar nas, ka ji hankali irin na uwarka. Ta liƙe leda uku kafin ta faɗi, kuma dole in faɗi gaskiya, layinta ya fi nawa miƙewa.

Mun yi kwanaki a asibiti. Ba wanda ya tuna da buhunan. Da na dawo, kazar ta yi laushi tana wani irin wari, tuffar ta koma kamar fata. Orval ya kai wa aladun maƙwabci. Da Mama ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne, "Kin rufe buhun kuwa?" Na ce na rufe.

Kai ma da ka kira, bayan "yaya jikin nata" sai me ka ce? "Yaya Marva, ina fata dai kuna sa ƙunshin iskar nan daidai, don in an yi kuskure duk asara ce." Na riƙe kan wayar ina kallon bango. Da kana kusa, Allah ya sani da bokitin nan zan kwaɗa maka.

Likita ya kira ni gefe. Ya ce zuciyar ta gaji, ba sauran abin da za su ƙara, mu kai ta gida mu ji da ita. Na ce har yaushe. Ya ce shi ba zai yi alkawarin bazara ba. Na rubuta maka shi ƙarara don kada gobe ka ce ba a gaya maka ba.

Kendra ta ce ba za ku samu zuwa bikin godiya ba, an hana ku hutu sai sabuwar shekara ta wuce. Na gaya wa Mama. Ta ce, "Ki bar shi, duniya yake gyarawa." Ni dai na san mutane suna hawa jirgi ranar Asabar su koma ranar Lahadi, duniyar ba ta rushe ba.

Ka gaida mutan gida.

Marva


Rexburg, Idaho
14 ga Disamba, 1999

Rulon,

Bayan gaisuwa. Ina fata kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da idonka biyu.

An gama aikinka. Ba ni na gama ba. Mun mayar da gadon Mama falo inda take ganin titi, ni kuma hannuna ya riga ya daina rufuwa da safe. Sai 'yar'uwa Tolman, shugabar zumuntar mata ta cocinmu, ta zo gaida Mama ta yi tuntuɓe da kwali. Ta dube ni ta ce, "Marva, girman kai ne ya hana ki magana, ko bakin ne ya yi ciwo?" Ranar Asabar mata suka cika gareji, kowacce da dutsen gugarta. Wasu na ɗiba, wasu na liƙewa, mazansu na sauka da bokitai. Ana ta shewa, wata na cewa, "Wannan garin ƙwan ko kare ka ba wa sai ya yi maka kallon raini." Mama tana jin su daga falo tana aika umarni: kada a cika leda har baki, a bar wurin liƙi.

Akwai abin da ba na son gaya maka, amma gaskiya ce. Mama ta daina cin abinci. Miya, kunu, burodi, duk sai ta kau da kai. Abu ɗaya ke shiga: busasshiyar ayabar nan taka. In ɗora mata yanki a harshe ya narke da kansa. Ta ce, "Ta Rulon ce?" In ce taka ce. Na ji haushi, amma na gode maka a zuciya. A ranar har na fara tunanin ko na yi maka tsauri da yawa.

Sai Kendra ta kira ranar Litinin.

Da fara'arta kuwa. Ta ce, "Yaya Marva, an gama shirya mana kayanmu? Rulon ya ce in tambaya ko ɗakin sama zai ɗauke mu mu biyar. Ranar talatin ga wata za mu taso, in abin ya lalace sai mu zauna nan gidan Mama har a ga yadda hali ya yi." Na ce, "Kayan wa?" Ta ce, "Abincin mana. Ai ya ce ɗakin ƙasan Mama ya fi sanyi, kuma ke kin iya aikin." Sai ta ce, "Au, bai gaya miki ba?"

Bai gaya min ba, Kendra.

Ashe ba tsaraba ba ce. Rumbu ka nema da 'yar aiki, ka samu duka biyu kyauta. Uwarka ta cire iskar da take numfashi da ita ta faɗi a ƙasan ɗakin wanki tana liƙe maka guzuri. Da ka fito fili ka ce, Yaya Marva, tsoro nake ji, ki taimake ni in tanadi abincin 'ya'yana, da na yi maka, ko da zan zage ka tukuna. 'Ya'yanka nawa ne. Amma ka rubuta "tsarabar Mama" da hannunka don ka san da wannan kalmar ba zan iya cewa a'a ba. Kuma hutun da aka hana ka don ganin uwarka, ga shi ya samu don gudun ceton rai.

To ka ji abin da ya faru da tsarabar. Tun ranar da aka gama, Mama ta fara rabo. Ta ce, "Ni ina zan kai wannan duka? Tafiyata ba ta buƙatar guzuri." Ta sa an kai wa iyalan nan 'yan Meziko da ke aikin dankali, waɗanda aiki ke yanke musu da sanyi. Ta sa an kai wa matar marigayi Dell Siddoway da 'ya'yanta. Ta sa an kai wa tsoho Haroldsen da ke zaune shi kaɗai. Kowa ya zo godiya sai ta ce, "Ba ni ba ce, ɗana ne na Seattle."

Bayan wayar Kendra da safe, da yamma Mama ta ce a ƙara kai wa wasu gidaje. Na tsaya na yi tunani. Sannan na ɗauki makullin mota na loda bokitan da kaina. Ka ce nata ne. Mai abu ta yi kyauta da abinta.

Ban gaya mata gaskiyar ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ta ji za ka zo ƙarshen wata, ta sa na wanke mata rigarta mai shuɗin fure. In ka zo, ka shigo falo ka durƙusa gaban gadonta, ka bar ta da abin da ta yi imani da shi. Wannan kaɗai nake roƙon ka.

Ɗakin sama zai ɗauke ku. Na shimfiɗa barguna.

Marva


Rexburg, Idaho
26 ga Janairu, 2000

Ƙanena Rulon,

Ina gaishe ka. Yaya kuka isa, yaya gajiyar hanya, yaya ƙarin haƙurinmu? Ka gode wa Kendra da katin da ta aiko. Orval yana gaishe ka. Dusar ƙanƙara ta rufe kabarin Mama, furannin duk sun daskare a tsaye.

Wasiƙarka ta zo. Tambaya ɗaya ce a cikinta in an cire kewaye-kewaye: ko Mama ta ce wani abu a kanka bayan ka fita. A wurin jana'iza ka kasa duban idona balle ka tambaya. Na ajiye wasiƙar a kan firji ina wucewa ina hararar ta. Na so in ƙi amsawa. Na so kuma in yi maka ƙarya mai zafi. Ga gaskiyar, amma sai na fara da abin da ka yi, don na san ka, nan da shekara za ka gyara labarin ya yi maka daɗin ji.

Kun iso da la'asar, mota cike da jarkokin mai da janareta. Mama ta ji ƙarar motar ta ce in ɗaga ta zaune, in gyara mata gashi. Ka shigo ta ƙofar baya. Ba ka nufi falo ba, ka sauka ɗakin ƙasa. Na ji takunka kana sauka a hankali, na ji ka hawo da gudu. Ka same ni a ɗakin girki ka ce, "Ina sauran? Marva, ina sauran kayan?" Ko "Yaya" ɗin da kake ce min ma ka yar. Na ce ka rage murya. Ka ce, "Abincin 'ya'yana kika rabar wa 'yan gari? Jibi in komai ya tsaya me za su ci? Wa ya ba ki izini?" Na ce ai na rubuta maka, na kuma roƙe ka. Ka ce ba ka buɗe wasiƙar ba, ka san faɗa ne a ciki.

Tsakanin ɗakin girki da falo labule ne kawai, ka sani. Sai muryarta ta fito, ƙarama: "Rulon. Autana. Ka yi haƙuri, ni ce. Na ɗauka nawa ne."

Ka tsaya kamar an dasa ka. Na zaci za ka ɗaga labulen. Sai ka juya ka fita, ka kwashi iyalinka kuka tafi masauki a Idaho Falls. Kunya ce ta kore ka, na gane, amma kunyarka ba ta amfane ta da komai ba.

Yanzu ga abin da ba ka gani ba.

Na shiga na same ta tana kallon taga, tana bin motarku da ido har ta sha kwana. Na zauna na kama hannunta. Raina yana tafasa, ina jira ta ce wani abu in ɗora. Can ta ce, "Kin sani tun tuni ko?" Na ce na sani. Ta ce, "Shi ya sa kike ta buga min tukwane." Sannan ta ce, "Tsoro yake ji, Marva. Tun yana ƙarami in ya ji tsoro sai ya yi ihu. Ke kuma in kin ji tsoro sai ki yi ta aiki kina masifa. Duk na san ku."

Na ce, "Mama, ya ɓata miki rai, ki faɗa." Ta ce, "Ya ɓata." Ba ta ɓoye ba, kada ka yi zaton ta ɓoye. Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne, na share. Ta ce a cire mata rigar furen, ta matse ta. Da na gama sauya mata, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Sun yi doguwar tafiya da yara. Ko sun ci abinci?"

Wannan ce magana ta ƙarshe da ta yi da hankalinta. Da ka dawo washegari ta riga ta shiga barcin da ba ta farka ba. Na ga ka durƙusa, na ga kana magana a kunnenta. Nas ta ce wai suna ji. Ni ban sani ba, kuma ba zan ce maka na sani ba don ka ji sanyi. Sabuwar shekara ta shigo, fitilu na ci, firji na kuka, ba abin da ya tsaya. Ita ce ta tsaya, kwana biyu bayan nan.

Ka ce in sayar da abin da ya rage ko in zubar, ba ka son ganinsa. Ba zan sayar ba, ba zan zubar ba. Hannun mata da yawa ya taɓa shi. Yana nan ƙasa, an liƙe shi da kyau, zai jira. Ranar da ka shirya ka zo ka ɗauka, ko ka kai wa mabukata da hannunka ka ji yadda ake yi.

Ka kuma ce in yafe maka. Mama ta yafe, na gani da idona. Ni ba Mama ba ce. Har yanzu in na tuna "na ɗauka nawa ne" sai in ajiye abin da ke hannuna in fita waje in tsaya cikin sanyi. Amma mu biyu muka rage, kuma ba ni da wani ƙane da zan sauya ka da shi.

Za a kafa dutsen kabari a watan Mayu, in ƙasar da ta daskare ta saki. Ka zo kai kaɗai, kwana biyu kafin ranar. Kai ka yi ihunka a ɗakin girkin nan ka fita. Ni ban yi nawa ba tukuna, kuma za ka zauna a kujera ka ji shi har ƙarshe. Bayan nan sai in zuba maka abinci.

Allah ya tsare ka, ya raya yara.

Yayarka,
Marva